Jarrabawar GRE da 'Yan Uwanta: Wa Ke Cin Riba Idan An Soke Su?

Idan watan Disamba ya kama, a sassa da dama na jami'o'in Amurka malamai uku ko huɗu kan zauna gaban tulin takardun masu neman gurbin digiri na uku. A ce takardu ɗari biyar ne, sashen kuma kuɗin ɗaukar mutum goma sha biyar kawai gare shi. A cikin tulin akwai wanda ya gama jami'ar da malaman suka sani ciki da bai, wasiƙar shaidarsa ma daga hannun abokin aikinsu ta fito. Akwai kuma wata ɗaliba daga wata nahiya, ta fita da sakamako mafi daraja a jami'ar da babu wanda ya taɓa jin sunanta a ɗakin. Takardarta ta nuna ta ci 72 cikin 100. A tsarin Birtaniya da ƙasashen da suka gaje shi, wanda ya kai 70 ya shiga sahun farko. A idon malamin Amurka, wanda ya saba ganin sai an kai 90 ake kiran mutum gwani, 72 makin wanda ya tsallake da ƙyar ne. To da wane mudu za a auna waɗannan mutum biyu?

Don amsa wannan tambaya jarrabawar shiga karatun gaba da digiri take da amfani, kuma a kanta ake ta jayayya shekara goma ke nan. A ganina, yawancin masu jayayyar ba ɗalibar nan ce a ransu ba, alhali ita ce abin ya fi shafa.

Iri biyu ne jarrabawar, kuma sau da yawa ana cakuɗa su. Akwai ta harshe, wadda ke tambayar ko za ka iya zama a aji ka fahimci darasi, ka rubuta, ka yi magana: TOEFL, IELTS, PTE, da ta Duolingo. Akwai kuma ta auna tunani da lissafi, wadda ɗan ƙasa da baƙo duk suke rubutawa: GRE ga yawancin fannoni, GMAT ga makarantun kasuwanci. Ɗan Amurka ɗaya yake rubutawa, ko ma babu. Baƙo yakan rubuta biyu, kowace da kuɗinta, kowace da wa'adinta. Sakamakon GRE da GMAT yana aiki shekara biyar, na TOEFL da IELTS shekara biyu kacal. Wanda ya nemi gurbi bana bai samu tallafi ba, ya jira ya tara kuɗi, zai iya tarar da makin Turancinsa ya mutu, sai ya sake biya don ya tabbatar da cewa bai manta harshen da yake karatu da shi tun yana yaro ba.

GRE ta samo asali ne a 1936, lokacin da gidauniyar Carnegie ta gwada ta tare da jami'o'i huɗu, wato Harvard, Yale, Princeton da Columbia. Daga baya ta koma hannun ETS, hukumar shirya jarrabawa da aka kafa a 1947 mai hedkwata a jihar New Jersey, wadda ita ce kuma ke da TOEFL. Tun 2011 ake ba da maki daga 130 zuwa 170 a ɓangaren harshe, haka a ɓangaren lissafi, rubutu kuma daga 0 zuwa 6. A da mutum kan shafe kusan awa huɗu a kanta. A watan Satumban 2023 aka rage ta zuwa ƙasa da awa biyu kaɗan: rubutu ɗaya na minti 30, tambayoyin harshe 27, na lissafi 27. Kowane ɓangare kashi biyu ne, kuma yadda ka yi a kashin farko shi ke sa kwamfuta ta ba ka na biyu mai wuya ko mai sauƙi. Wanda ya yi sakaci a farko aka ba shi mai sauƙi, ko ya cinye shi duka akwai iyakar da makinsa ba zai wuce ba.

Lissafin kansa bai wuce na sakandare ba. Wayon yana cikin yadda ake tambayar. Ga irin abin da ake yi: a ce maka wata lamba idan aka ninka ta da kanta tana ba da 16, sannan a tambaye ka wanne ya fi girma, lambar ko 3. Zaɓi huɗu ne kullum: ta farko ta fi, ta biyu ta fi, daidai suke, ko bayanin bai isa a yanke hukunci ba. Mai gaggawa zai ce lambar 4 ce, ta fi 3, ya wuce. Amma 4 ta ƙasa da sifili ita ma idan aka ninka ta da kanta 16 take bayarwa, ita kuwa ba ta kai 3 ba. Amsar ita ce ta huɗu. Wanda ya taɓa faɗawa wannan rami sau biyu a gida ba zai sake faɗawa a ɗakin jarrabawa ba, wanda kuwa bai taɓa ganin irinsa ba zai faɗa ko da ya fi kowa iya lissafi. Wannan shi ne babban abin da ake zargin jarrabawar da shi, kuma zargin yana da tushe: wani kaso na makin yana auna sabo da salon tambaya ne, sabo kuwa lokaci yake ci da kuɗi.

Ɓangaren harshe ya fi cutar baƙo. Za a ba ka jimla mai gurbi biyu ko uku ka cike da kalmomin da ko ɗan ƙasa ba ya amfani da su a hira, kuma idan ka kuskure gurbi ɗaya ka rasa makin tambayar gaba ɗaya. An tsara ta ne don mutumin da ya tashi yana karanta manyan mujallun Turanci. Shi ya sa lambobin biyu ba ɗaya suke ba ko da sun yi kama. Wanda ya ci 160 a harshe ya wuce fiye da mutum 80 cikin 100 na masu rubutawa. Wanda ya ci 160 a lissafi kuwa yana kusan tsakiya ne, domin ɗimbin injiniyoyi da masana kwamfuta daga Indiya da Sin suna cin makin da ya kusa ƙurewa. Ɗalibi da yawa kan ga 160 a lissafi ya yi murna, bai san a sashen tattalin arziki ko na injiniya ana kallon abin da ya kusa 170 ba.

GMAT labarinta ya fi gajarta. Makarantun kasuwanci ne suka kafa ta tun shekarun 1950, ƙungiyarsu ta GMAC ke gudanar da ita. A ƙarshen 2023 ita ma aka sake mata fasali: awa biyu da kwata, ɓangare uku na minti 45 kowanne, an cire rubutu, an ƙarfafa karanta jadawali da alƙaluma, maki daga 205 zuwa 805. Ita tambaya bayan tambaya take sauya wuya. Yawancin manyan makarantun kasuwanci yanzu suna karɓar GRE a madadinta, kuma gasar da ke tsakanin hukumomin biyu tana cikin dalilan da suka sa dukansu suka gajarta a shekara guda. Mai son lauyanci a Amurka daga tushe yana da tasa jarrabawar mai suna LSAT, amma wanda ya riga ya yi digirin shari'a a ƙasarsa yana neman digiri na biyu na shekara ɗaya, yawanci ba a nemanta a wurinsa.

Kada kuma a ɗauka duk duniya haka take. Wannan al'ada ta Amurka ce, sai Kanada kaɗan. A Birtaniya yawancin digiri na biyu sakamakon digirin farko da makin Turanci ake dubawa, ban da wasu kwasa-kwasan tattalin arziki da kasuwanci. Jamus takardu take tonawa, darasi bayan darasi, ta ga ko abin da ka karanta ya yi daidai da nata, kuma ɗaliban Sin da Biyetnam da Indiya sai sun bi ta ofishin tantance takardu na APS tun kafin biza. A Japan sau da yawa mutum kan fara zuwa a matsayin ɗalibin bincike a ƙarƙashin wani farfesa, daga baya ya zauna jarrabawar da sashen ya shirya da kansa. Kowace ƙasa da hanyar da take bi ta warware matsala guda: yadda za ta yarda da baƙon da ba ta san makarantarsa ba.

Guguwar soke GRE a Amurka ta fara ƙarfi ne a fannonin kimiyyar halittu. A 2014 wasu masana biyu suka rubuta a mujallar Nature cewa yanke mutane da makin lissafi yana zubar da mata da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka fiye da kima. A 2017 bincike biyu suka fito, ɗaya daga jami'ar Vanderbilt, ɗaya daga jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill, suka nuna cewa a tsakanin ɗaliban digiri na uku na kimiyyar lafiya makin GRE bai nuna wanda zai fi wallafa bincike ko ya gama da wuri ba. Sai annobar korona ta zo a 2020, cibiyoyin jarrabawa suka rufe, sassa da yawa suka ɗage sharaɗin na ɗan lokaci, ba su kuma mayar ba. Mujallar Science ta bi sassa a fannoni takwas a manyan jami'o'i 50, ta tarar a 2022 kashi 3 cikin 100 kawai ke wajabta GRE, alhali shekara huɗu kafin nan kashi 84 ne. Jami'ar Michigan ma ta daina duba ta a duk shirye-shiryenta na digiri na uku.

Hujjojin masu sokewa ba na wasa ba ne, amma akwai gurbi a cikinsu. Binciken da aka yi a kan ɗaliban da aka riga aka ɗauka ne, su kuwa an tace su da makin tun farko. Idan ka tara dogaye zalla ka ce su yi gasar tsalle, tsawo ba zai nuna maka wanda zai ci ba, domin duk suna da shi, hakan kuma bai nuna tsawo ba shi da amfani ba. Wani babban nazari na 2001 da ya haɗa sakamakon bincike masu yawan gaske ya samu cewa GRE tana da alaƙa da makin da ɗalibi kan ci a karatun gaba da kuma yadda malamansa ke kimanta shi. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne tana iya nuna wanda zai ɗauki darussan shekarar farko, ba ta iya nuna wanda zai jure shekara biyar a ɗakin gwaji yana faɗuwa yana tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne inda nauyin ke komawa bayan an soke ta. Kwamitin bai daina tacewa ba, takardu ɗari biyar suna nan, gurbi goma sha biyar yana nan. Sai a koma ga sunan jami'a, da wasiƙun shaida, da gogewar bincike, da takardar bayanin manufa. Duba su ɗaya bayan ɗaya da idon ɗalibar nan. Sunan jami'arta ba a san shi ba. Wasiƙar malaminta layi shida ce, ya ce tana da ladabi da ƙwazo, domin haka ake rubuta shaida a inda ya fito, yayin da malamin Amurka zai cika shafi biyu yana kwatanta ɗalibinsa da waɗanda suka yi fice a baya. Gogewar bincike tana buƙatar ɗakin gwaji mai kayan aiki da malamin da ke da kuɗin ɗaukar ɗalibai. Takardar manufa kuwa, mai hali yana da wanda zai gyara masa ita sau goma, yanzu ga manhajojin AI masu rubuta wa mutum sun sa duk takardun sun fara kama da juna. A cikin duk abin da ke gaban kwamitin, lamba ɗaya ce aka samo ta a ƙarƙashin sharaɗi guda da na ɗan Harvard. Idan ta ci 168 a lissafi, wannan 168 ba ta buƙatar tafinta.

An ga irin wannan a matakin digirin farko. Jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin SAT, jarrabawar shiga digirin farko, a 2022, Dartmouth ta bi sahu a 2024, dukansu kuma suka ce ba tare da makin ba suna kasa gano haziƙan da suka fito daga makarantun da ba a sani ba. Digiri na uku daban yake da na farko, na yarda, amma matsalar baƙon makaranta iri ɗaya ce, kuma babu wanda ya kai ɗalibin ƙasar waje baƙunta.

Wannan ba yana nufin jarrabawar tana yi wa baƙo adalci ba. Kuɗin GRE ya haura dala 200, GMAT ta fi ta tsada, TOEFL da IELTS su ma suna wannan sahu. Jami'o'i huɗu kawai ake tura wa sakamakon GRE kyauta a ranar jarrabawa, kowace ƙari da kuɗinta. Ga kuɗin cike takardar kowace jami'a, ga na hukumomin da ke fassara sakamako zuwa tsarin Amurka irin su WES. Shirin rangwamen ETS an yi shi ne musamman don 'yan ƙasa da mazauna Amurka, wato wanda dala ta fi yi wa nauyi shi ne ba ya cikinsa. An yarda a maimaita GRE bayan kwana 21, har sau biyar a shekara, kuma mutum ya zaɓi sakamakon da yake so a tura. Mai kuɗi zai rubuta sau uku ya nuna mafi kyau, marar shi sau ɗaya gare shi, ko yana zazzaɓi ranar. Jarrabawar gida da aka fara a 2020 ta rage wahalar tafiya, amma tana son ɗaki kai kaɗai, kyamarar da za ka zagaya da ita ka nuna wa mai sa ido kowane lungu har ƙarƙashin tebur, allon gogewa maimakon takarda, da wuta da intanet da ba za su ɗauke ba har ka gama. Ba kowa ke da wannan ɗaki ba.

Jarrabawar harshe ita ce ba ta girgiza ba, domin a wasu ƙasashe ta haɗe da dokar biza. TOEFL ta fara a 1964, an daɗe ana auna ta daga 0 zuwa 120, kafin a shigo da sabon ma'auni na 1 zuwa 6 a farkon 2026. IELTS ta zo a 1989, makinta yana tsayawa a 9, kuma a cikinta mutum ne ke zama da kai ku yi hira ta minti goma sha ɗaya zuwa sha huɗu, abin da wasu ke samun sauƙi a kansa fiye da yi wa kwamfuta magana agogo yana gudu. Yawancin manyan jami'o'i 6.5 ko 7 suke nema, tare da ƙa'idar cewa kada wani ɓangare ya gaza wani mataki, kuma a rubutu ne mutane suka fi maƙalewa da rabin maki. Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: a Amurka tallafin digiri na uku sau da yawa aikin koyar da ƙananan ɗalibai ne, kuma wasu jami'o'i sai ka kai kamar 26 cikin 30 a ɓangaren magana na tsohon ma'aunin TOEFL kafin su ba ka aji. Mutum zai iya samun gurbi ya rasa kuɗin zama saboda ɓangare ɗaya. A jerin ƙasashen da Birtaniya ta yarda masu Turanci ne, waɗanda 'yan ƙasarsu ba sa buƙatar wata shaida, akwai Jamaika da Barbados da Malta, amma babu Indiya, babu ƙasar Afirka ko ɗaya. Jami'o'i da dama suna da ikon yafe wa wanda ya yi digiri da Turanci, kuma suna yafewa, sai dai kowace da ƙa'idarta, kuma sai wanda ya tambaya yake sani.

Hatsarin rataye rayuwar mutane a kan jarrabawa guda ya fito fili a Birtaniya. A watan Fabrairun 2014 shirin Panorama na BBC ya bankaɗo maguɗi a cibiyoyi biyu na TOEIC, wata jarrabawar Turanci ta ETS da ake karɓa don biza a lokacin, inda wasu ke zama su amsa wa wasu. Gwamnati ta sa ETS ta bincika muryoyin da aka naɗa. Cikin jarrabawa sama da 58,000, hukumar ta ce kashi 58 cikin 100 na bogi ne, kashi 39 kuma abin shakka ne, wato kusan babu wanda ya tsira. Aka soke bizar mutum sama da 30,000, aka fitar da fiye da 2,000 da ƙarfi, wasu suna tsakiyar karatu. Maguɗin gaskiya ne, babba ne kuma. Amma a 2019 ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasar ya ce ma'aikatar cikin gida ba ta yi abin da ya isa ba wajen tabbatar da cewa ba a haɗa da marasa laifi ba, kuma dubbai sun yi nasara a kotu daga baya, bayan shekarunsu sun tafi. Baƙo ne kawai ke rasa gurbi da gida da mutunci a rana guda saboda an yi shakkar muryarsa.

A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ɗaliban ƙasashen waje a Amurka sun haura miliyan 1.1, fiye da 500,000 daga cikinsu masu karatun gaba da digiri ne, kuma a shekarar Indiya ta wuce Sin a yawa. Kowannensu yanzu yana karo da kalmomi uku game da GRE a shafukan sassa, kuma ma'anarsu ta bambanta ƙwarai. Wani sashe ya ce wajibi ne. Wani ya ce ba ma dubawa ko ka turo, a nan kuɗin da aka kashe asara ne. Na uku ya ce zaɓi ne, kuma a nan ake ruɗewa. Ga wanda ya fito daga sananniyar jami'a da wallafe-wallafe biyu a hannu, zaɓin na gaskiya ne, zai iya barinta. Ga ɗalibar mai 72, in har gwajin da ta yi a gida ya nuna za ta ci maki mai ƙarfi, ni ina ganin ta rubuta ta tura, musamman a tattalin arziki, ƙididdiga, injiniya da kwamfuta. In kuwa makin ya zo da rauni, ta bar shi a aljihu, tunda an ce zaɓi ne. Ƙa'idar ta sashe ce, jami'a guda za ta iya samun sashen da ya wajabta da wanda ya hana, don haka shafin sashen ake karantawa a shekarar da ake nema, kuma wasiƙa gajera ga jami'in da ke kula da ɗaukar ɗalibai takan kawo amsar da shafin bai bayar ba.

Su kuma sassan da suka soke, akwai aikin da ya hau kansu wanda da yawansu ba su yi ba. Wanda ya ajiye mudu guda sai ya koyi karanta takardun ƙasa hamsin: ya san 72 a ina ne gwaninta, ya san gajeriyar wasiƙa ba raini ba ce, ya ba ɗalibin da bai taɓa riƙe na'urar gwaji ba damar hira ta minti ashirin ta intanet, ko wata 'yar matsala ta fannin da zai warware a gani. Wasu sassan lissafi da kimiyyar fiziya sun bi ta tsakiya, sun bar babbar GRE sun ci gaba da karɓar ta fanni, wadda ke tambayar ainihin abin da aka karanta a digirin farko. Waɗannan na fanni yanzu uku suka rage, lissafi da fiziya da ilimin halayyar ɗan Adam, bayan an dakatar da ta sinadarai a 2023, kuma a 'yan lokuta ƙalilan ake yin su a shekara, don haka mai niyyar cike takarda a Disamba sai ya nemi ranarsa tun watanni kafin nan.